Injiniya Noyo da Kuri'ar Lambatu

Ranar da Injiniya Abdulmutallib ya zame ya zauna daɓas cikin lambatun unguwar Diguel, shebur a hannu, tabarau a goshi, ba wanda ya yi dariya. Haba, wa zai yi wa babban masani dariya? Tari ne kawai ya kama mutanen layin gaba ɗaya.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai shagon kwamfuta na bakin kasuwa, wanda ake kira Injiniya Noyo. Noyo, in ji shi, da Faransanci ita ce ƙwayar cikin kwamfuta, inda hankalinta yake, kuma Turawan da ke rubuta ta ba sa motsi sai sun ji ta bakinsa. Ya taɓa aika musu da shawara. Har yau ba su amsa ba, saboda kwarjini.

To, layin yana da al'ada. Da damina, kowace Asabar gida ɗaya ke yashe lambatu. Malam Mijinyawa, dattijon layin, zai dunƙule tsinkayen tsintsiya a hannu, wanda ya zaro gajere ya ɗauki shebur. Abin ya daɗe yana ci wa Injiniya rai, har dai ya tara mutane.

"Ya jama'a, shekara ta dubu biyu ta wuce, kuna nan kuna zarar tsintsiya! Hannun ɗan Adam yana da dangi. Na'urata ba ta da kawu. Tana niƙa sunan kowa ya zama lamba, ta ɗebo iri daga agogonta, ta gauraya. Agogo kuwa ba ya maimaita lokaci. Ni kaina ban san wanda za ta fitar ba. Kalas, magana ta ƙare!"

Ya sa aka yi alkawari a gaban liman: wanda ta fitar ya shiga da ƙafarsa, ba wakili. Shi ya nace sai an sa "ba wakili", yana hararar Hajiya Maiturare, wadda ta saba tura surukinta.

Asabar ta zo, aka tayar da janareta, aka kunna kwamfuta. Ta yi gurnani, ta rubuta ABDULMUTALLIB.

"Kun ga adalci!" in ji shi, ya naɗe wando.

Asabar ta zagayo: ABDULMUTALLIB.

"Lissafi ya yarda da haka. Ku da ba ku yi boko ba, ba za ku gane ba."

Jama'a suka ce gaskiya ne, ba su gane ba, amma abin ya yi musu.

Shi dai tuni ya gane. A kusurwar allo ya ga kwanan wata: ɗaya ga Janairu, 1980. Batirin agogon ya mutu. Duk lokacin da aka kunna ta, na'urar ji take yanzu aka haife ta, sai ta ɗebo irin da ta ɗebo wancan karon, ta niƙa, ta tofo sunan maigidanta. Batirin nan bai fi maɓallin riga ba, kuma akwai shi a kasuwa. Amma ya canza shi, sunan wani ya fito, a ce dā can na'urar Injiniya na da ciwo? Ya auna lambatu, ya auna sunansa, ya zaɓi lambatu. Har ya kai yakan iso wurin kuri'a da takalmin roba a ƙafa, kafin a tayar da janareta.

Ranar da ya zame ɗin, Hajiya Maiturare ta leƙo, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Sannu da aiki, Injiniya! Zaman ma noyo ce ta ce ka yi?"

Ya miƙe, baƙin ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya sauko da tabarau kan hanci.

"Hajiya, yi dariyarki. Amma ki zaga ƙasar nan kaf, ki nuna mini mutum ɗaya, ban da ni, da ya shirya kuri'a da hannunsa kuma ta kayar da shi."