Ilu da Gajimaren Shagon Ɗinki

A garin Dokau akwai wani mutum mai suna Ilu, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Yana zaune a gidan yayarsa Tabawa, mai shagon ɗinki da keke shida. Awon mutanen gari kaf yana cikin littattafanta, ga gara ta fara cinsu, ga sallah ta matso.

Wata rana Tabawa ta ce, "Ilu, an ce yanzu a gajimare ake ajiye irin wannan. Bincika mana wanda ya fi." Ilu ya hau soro ya kwanta rigingine tun hantsi har la'asar. Ya sauko wuya a sanƙare, ya ce, "Yaya, na gabas ya fi girma, sai dai ba ya zama wuri ɗaya. Wanda na zaɓa mana ma ya tafi Katsina." Sai da ta zaunar da shi ta ce ai manyan kwamfutocin kamfani ne a wani gari, da waya ake aika musu ajiya.

Wata rana wakilan kamfanonin ajiya biyu suka zo, Malam Hashimu mai araha da Malam Zubairu mai ɗan tsada. Tabawa ta raɗa wa Ilu, "Ka auna mutanen nan da kyau kafin mu zaɓa." Ilu ya ɗauko tef, ya sa Malam Hashimu ɗaga hannuwa. "Yaya, wannan ya fi tumbi, wancan ya fi kafaɗa." Kunya ta sa Tabawa ta ɗinka musu riguna kyauta.

Wata rana suka dawo jin hukunci. Aka zauna gindin darbejiyar ƙofar gida, Tabawa har ta karkata ga mai araha. Malam Hashimu ya miƙa wayarsa yana cewa, "Namu a ko'ina yana buɗewa, ku gwada." Ilu ya karɓa, ya karɓi ta Malam Zubairu, ya kama hanya. Ya gwada a turken awaki, ya gwada a bakin masallaci, wakilai na biye da shi suna haki. Daga nan ya shige shagon, inda sabis bai taɓa leƙawa ba. Ta Malam Hashimu ta tsaya tana juyi. Ta Malam Zubairu ta buɗe, don nasu yana barin kwafi a waya, in sabis ya samu ya aika.

Tabawa ta dubi kekunanta, ta ce, "Nan nake aiki, ba gindin bishiya ba." Ta sa hannu a takardar Malam Zubairu.

Ilu dai bai gamsu ba. Ya ce, "Yaya, saura cikin rijiya." Malam Zubairu ya yi maza ya karɓe wayarsa.