Ustaz Shaukat da Layin Ɓoye

Duk faɗin Iskandariyya babu mutum mai tsari irin Ustaz Shaukat al-Mallawani. Ba ƙage na yi masa ba, daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba. A kamfaninmu na dillancin auduga, inda muke saye a hannun masu gurza mu sayar wa masu masaƙu, shi ne babban jami'in wasiƙu. Kalmar "babban" ɗin shi ya ƙara wa kansa, kuma da yake ba a biyan ta albashi, ba wanda ya hana shi. Mutum ne da ko shayi ba ya kurɓa sai ya tabbatar an miƙa masa kafin na ƙasa da shi. Saboda haka muke kiran sa Basha Sahun Gaba, amma a bayan idonsa.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ɗakin mataimakin darakta, mai taga tana kallon teku, wanda ya zama ba kowa tun da mai shi ya yi ritaya. Madam Inshirah, daraktarmu, ta ce bayan Sallah za ta naɗa wani. Tun daga ranar Ustaz ya riƙa bi ta ƙofar ɗakin yana auna labule da ido.

Ana nan sai Girgis na sashen kuɗi ya tafka abin kunya. Zai nemi hutun ganin likita, ya latsa "amsa wa kowa", kamfani gaba ɗaya ya wayi gari da labarin basir ɗinsa. Madam ta tara mu ta ce tana son wanda zai koya wa ma'aikata aika imel da hankali. Kowa ya sunkuyar da kai. Hannu ɗaya ne ya tashi, da zobe a jikinsa. Nan take aka kafa kwamiti, Ustaz ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne sauran mambobi.

Ya miƙe, ya gyara laktaye, ya ce, "'Yan'uwa, imel wuƙa ce. A hannun gwani ta yanka nama, a hannun wasu kuwa," ya ɗan kalli Girgis, "ba sai na faɗa ba, kowa ya karanta. Dokata biyu ce. In za ka aika wa jama'a da yawa, zuba adireshinsu a layin ɓoye, kada wani ya ga na wani. Ta biyu, wanda ya ƙara taɓa 'amsa wa kowa', ni da shi ne. Ni tun da aka ƙirƙiro kwamfuta yatsana bai taɓa zamewa ba."

Muka tafa. Shi ma ya taya mu.

Sai ya zauna rubuta wa kamfani dokokin. Don Allah a yi masa adalci, da farko a layin ɓoyen ya zuba mu. Ya aika wa kansa gwaji, ya buɗe, ya ga sunansa shi kaɗai tilo kamar maraya. To, wa zai san da su wa yake magana? Wa zai ga inda ya tsaya a sahu? Don a wajenmu jerin sunaye a kan saƙo ba wasa ba ne. Ka sa ƙarami gaban babba, an ƙulla gabar da sai a maƙabarta za a warware. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana haddace wa ke gaban wa, a ce ya ɓoye wannan ilimi? Ai zalunci ne.

Ya kwashe mu duka ya mayar fili, ya jera mu daki-daki. Madam a farko, shi a bayanta, don ido ya fara sabawa. Da ya ga jerin ya yi kyau sai ya ji bai kamata alheri ya tsaya a gida ba. Ya ƙara masu gurzar da muke saye a hannunsu. Ya ƙara masu masaƙun garin Mahalla da muke sayar wa. A can ƙarshe ya liƙa yayarsa, Abla Fauziyya, wadda har gobe take gaya wa dangi cewa ƙaninta ɗan aike ne a ofis. Ya buɗe saƙon da barka da Sallah mai zuwa, ya rufe da muƙamansa layi-layi, ya latsa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Abin da gwanin ya manta shi ne mu mutane ne masu tarbiyya. Ba a yi mana barka mu yi shiru. Kuma tunda ga sunan Madam a sama, wane wawa ne zai mayar da gaisuwa a asirce, ba ta gani ba? Kowa ya latsa "amsa wa kowa". Wannan ya ce Allah ya maimaita mana, wancan ya ce jawabi ya yi ma'ana, direba ya turo hoton fure. Ustaz ya rubuta wa kowa cewa a daina amsa wa kowa. Kowa ya amsa wa kowa yana ba shi haƙuri.

Ana cikin haka saƙon Abla Fauziyya ya sauka a kowace kwamfuta.

"Masha Allahu, Shushuna! Ashe da gaske kake, har da su shugaba! Allah ya tsare min kai daga bakin mutane. Ka dawo min da tukunyata ta dafa mahshi, tun bara take gidanka. Kuma ka rage cin wake da safe, ka san halin cikinka."

Ta haɗa da hotonsa na ranar kaciya, cikin farar riga, baki a wangale yana tsala ihu. Wani dattijon mai masaƙa da bai taɓa ganin sa ba ya amsa wa kowa: "Allah ya raya Shushu."

Mun yi dariya har da hawaye, sai dai ba ta daɗe ba. Hajj Abdussabur, babban mai gurza, ya hango sunan wani mai masaƙa a jerin, ya rubuta a gaban kowa: "Sayyid Bey, ashe kai ne ke saƙa audugata duk shekarun nan? Ga lambata, mu sha gahawa." Kafin la'asar masu saye da masu sayarwa sun gama sanin juna. Abincin dillali kuwa yana tsakanin mutum biyun da ba su san gidan juna ba. A ranar na ji tsoro na gaske, don har da tukunyar gidana a ciki.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta shafe hutun Sallah tana bin manyan abokan ciniki gida-gida da kwalin alawa, ta dawo da waɗanda suka yarda su dawo. Ranar da aka koma aiki gajeren saƙo ya fito daga ofishinta: an ba Girgis ɗaki mai tagar teku, an mayar da Ustaz Shaukat ɗakin tsofaffin takardu na ƙarƙashin bene, inda ko waya ba ta kamawa.

Ustaz ya karanta, ya duba saman saƙon, ya ga sunansa shi kaɗai. Ya yi ajiyar zuciya, asiri ya rufu. Ya gyara laktaye ya fito wurin shan shayi, inda muke tsaitsaye.

"Ba na son yin magana," in ji shi, "amma Madam ta rubuto min, ni kaɗai, ba kowa a kai. Wani aiki ne mai nauyi a ƙasa, na sirri. Tagar teku ai ta masu neman iska ce. Ni da kaina na ce a ba wani."

Kowannenmu da saƙon a aljihunsa, har mai gadi. Girgis, da ke wucewa rungume da matashin kujerarsa, ya tsaya, ya juyo masa fuskar wayarsa cikin ladabi.

"Kowa sunansa kaɗai ya gani, Ustaz Shushu," ya ce. "Layin ɓoye ke nan. Madam ce ta fara bin dokarka."