Gashin Bakin Injiniya da Kyankyasan Kwamfuta

"Duk wanda ya wuce makina a wasan nan, namiji ne ko mace, na yarda a aske mini gashin baki a bainar jama'a."

Injiniya ne ya faɗi haka, yana tsaye a ƙofar shagonsa na gyaran rediyo, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana murza gashin bakin. Ni kuwa shagona na aski manne yake da nasa, saboda haka da kunnena na ji, har na ajiye almakashi na ce a maimaita mini. Abokina, shekara ashirin ke nan ina kallon gashin bakin nan ina haɗiyar yawu. Baƙi wuluk, ya murɗe ta gefe biyu, kullum sai an shafa masa mai an taje shi da ɗan matajinsa na musamman. Ko gaisawa muke yi, in ya ga almakashi a hannuna sai ya ja da baya.

Sunan Injiniya shi ya raɗa wa kansa, mu dai muna kiransa ne don a zauna lafiya. Wata tsohuwar kwamfuta ya samo a gwanjo, irin ta zamanin da, wadda duk jikinta madannai ne, sai an jona ta da talabijin. Ba ta riƙe komai a kanta. Kafin a yi wasa sai an sa kaset a rikoda ya yi ta tsuwa minti biyar, sannan ta tuna abin da aka koya mata. Da ita aka haɗo masa wani littafi da ɓera ya ci bangonsa, shi kuwa ya zauna wata bakwai yana kwafe lambobi da yatsa biyu, har wasa ya fito. Kyankyasai ne ke gangarowa daga saman talabijin suna neman tukunya a ƙasa, kai kuma kana jan silifa hagu da dama kana make su. Uku suka shiga tukunya, ka mutu.

Makinsa dubu huɗu da ɗari bakwai, ya rubuta da alli a jikin ƙofa.

Telan layinmu ya gwada, ya tashi da ɗari uku. Ni na gwada, kafin in gano inda silifar take an cinye tukunyar. Sai daga baya muka san sirrin sarkin kuri: a gefe ɗaya na kaset ɗin ya ɗauki wasa mai sauƙi don kansa, a ɗaya gefen kuma kyankyasai ke zubowa babu ƙaƙƙautawa. Da baƙo ya zauna sai Injiniya ya ce, "Bari inji ya huce," ya kashe, ya juya kaset.

Ran nan da hantsi yayarsa ta biyo ta layinmu, ta shiga shagon don ta huta ƙafa. Dattijuwa ce mai tabarau, shekara talatin ta yi tana buga tafireta a ofis kafin ta yi ritaya. Ta dubi rubutun ƙofa, tela ya karanta mata labari duka.

Ta ce, "Auta, har da gashin bakin?"

Ya ɓata rai, don ba ya son a kira shi Auta a gaban mutane. "Yaya, wannan ba aikin tsofaffi ba ne. Lissafi ne. Hawan jininki zai tashi."

"Matsa in zauna."

Ya juya kaset yana murmushi, ya nuna mata madannai uku. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsunta, ko kallon hannunta ba ta yi ba. Abin da muka ji kawai ƙaf-ƙaf-ƙaf, silifa na yawo, kyankyasai na fashewa. Sai da ta kai dubu huɗu cif na ukun ya shige tukunya.

Ta ce, "Hannuna ya yi sanyi. Sake sa mini."

Na dubi Injiniya, na ga gashin bakin ya ɗan sauko. Ya ce inji na bukatar gyara, ya karɓe kwamfutar, ya juya mana baya. Akwai wani layi da ya san shi ke riƙe da saurin kyankyasai, lambarsa biyar. Gogan ya goge biyar ya rubuta hamsin, a lissafinsa za su ninka gudu sau goma. Abin da bai sani ba, tunda kwafa ya yi ba fahimta ba, lambar nan ta jira ce, tsawon lokacin da kyankyaso zai tsaya kafin ya sake taku.

Ya miƙa mata yana cewa, "Bismillah, Yaya. Kada dai ki ce ban gaya miki ba."

Kyankyaso na farko ya leƙo, ya tsaya, ya yi tunani, ya yi taku ɗaya. Na biyu ya biyo shi kamar mai ciwon gwiwa. Yaya ta make su, ta buɗe jaka ta ciro hankici, ta goge tabarau, ta dawo ta tarar na ukun bai kai rabin hanya ba.

Tela ya ce, "Injiniya, waɗannan ba su karya kumallo ba ne?"

"Dabara suke yi. Yanzu za ku gani."

Mun gani kuwa. Dubu uku, dubu huɗu. Mutanen layi suka cika ƙofa, tela ya ɗauki alli yana rubuta maki a ƙarƙashin na mai shago. Injiniya ya lallaɓa ya tsaya jikin teburi, ya zura ƙafa ƙarƙashi inda wayoyi suka cakuɗe, yana lalubar ta kwamfuta da babban yatsa. Ya fizgi ɗaya, fanka ta tsaya. Zufa ta fara bin gashin baki tana ɗiga. Ya fizgi ta biyu, ƙarfen da yake narka dalma da shi ya sulluɓo daga teburi ya sauka a bayan ƙafarsa, da zafinsa. Bawan Allah ya cije leɓe, ido ya kawo ruwa.

Yaya ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Auta, ƙaurin me nake ji?"

"Inji ne, Yaya. Haka yake yi."

A karo na uku ya dace, talabijin ya yi ɗif. Ya tafa hannu yana ɗingishi. "Ayya, an ɗauke wuta. Maki ya tafi, sai dai wani jiƙon."

Tela ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitilar da ke ci a saman kansa, sannan ya nuna ƙofa da alli. Dubu shida da ɗari biyu, ga shaidu sun fi ashirin.

Aka fito da kujerata bakin titi. Ya roƙi a bari sai gobe, ya ce ƙafarsa na ciwo, ya ce a rage dai kada a aske. Yaya ta ce magana ya yi a gaban maza, ita kuma ba ta raini maƙaryaci ba. Na ɗaura masa tawul, na wasa aska. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tausayinsa da na ga ya rufe ido, amma daɗin da na ji ya fi tausayin yawa. Sau huɗu na ja aska, aikin shekara ashirin ya zube a cinyarsa.

Yaya ta matso, ta kama haɓarsa, ta juya fuskar hagu, ta juya ta dama, ta daɗe tana dubawa ta saman tabarau. Sannan ta dube ni.

"Mai aski, babu yadda za a yi a mayar? Sai yanzu na tuna dalilin da ya sa Inna ta ce ya tara shi."