Gwajin Jirgin Ruwa a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya zo min da ruɗewa, ranar da na kai surukata bakin Kogin Nilu wai don in cire mata tsoron ruwa.

Lokacin muna zaune a unguwar Abbasiya a Masar, maigidana Abban Hanan yana dab da gama digirinsa na biyu. Ni kuwa na ɗaura ɗamarar shirya mana hutu: mu hau jirgin sama zuwa ƙasar Girka, daga nan mu riƙa bin tsibirai a jirgin ruwa, yau mu kwana a wannan, jibi mu tsallaka wancan. Kullum ina maƙale da waya. Na san tsibirin da gidajensa farare ne tas, na san wanda jirginsa ke tashi da sassafe, har inda za mu ci gasasshen kifi na zaɓa. Matan da muke karatun Asabar tare sai da suka gaji da ni. (Ni ɗin da, kafin in zo Masar, babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu a Gusau.)

Matsalar ɗaya ce, Hajiya. Mahaifiyar maigidan ce, ta zo aikin ido ta warke, kuma ita muke fatan ta zauna mana da yara. Da ta ji shirin sai ta ce, "Teku? Ɗana ba zai shiga ba. Wanda ya faɗi a tudu a ɗaga shi, wanda ya faɗa ruwa fa?" Shi kuwa Abban Hanan, in Hajiya ta ce a'a, khalas, magana ta mutu.

Sai na kawo dabara: mu hau ɗan jirgin nan da ke yawo da mutane a Nilu, ta gani da sabon idonta cewa ba komai. Duk hanya ina yi mata lacca. "Hajiya, jiragen yanzu kamar falo suke. Idan kun ji tsoro ku riƙe hannuna kawai."

Muka shiga, muka zauna. Masarawa cike, ana ta ɓarar gyaɗa, kiɗa na tashi. Injin ya yi gurnani, ƙasan ƙafata ya fara rawa. Na ce wa kaina wannan ai ba komai ba ne. Can sai wani ƙaton jirgi ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke. Jama'a! Na runtse ido, na cafke hannun da ke kusa da ni, na fara salati da ƙarfi. Na karanto addu'ar hawa jirgi, na haɗa da ta shiga kasuwa, wallahi har ta cin abinci sai da ta fito.

"Abban Hanan, mun kai tsakiya! A juya! Hajiya ku yafe min! Wa zai riƙe min yarana?"

Sai na ji kiɗan ya tsaya. Wata murya ta ce da Larabci, tana ba ni haƙuri, "Ma'alish ya madam, hannuna." Na buɗe ido ɗaya. Ashe hannun wata dattijuwa Bamasariya nake murɗewa. Na buɗe ɗayan, na ga matuƙin jirgin a tsaye bisa gaɓa yana shan shayi, ga igiya ɗaure tam a jikin turke. Ko motsawa ba mu yi ba. Abban Hanan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza don dariya.

Hajiya ta gyara mayafinta, ta miƙo min hannu. "'Yar nan, idan kin ji tsoro ki riƙe hannuna kawai."

Na riƙe kuwa, har muka je muka dawo. Ita tana ta nuna gadoji da dogayen gine-gine, tana cewa iskar ruwan nan daɗi gare ta, ni ina kallon takalmina. Da muka sauka ta dubi ɗanta ta ce, "Na amince, a je tsibiran. Sai dai da ni za a je, ita ta zauna da yara."

Da ƙyar na samu aka mayar da sunana cikin tafiyar, har da na yaran, bisa sharaɗin in riƙa zuwa Nilu horo duk Juma'a. Yanzu ina iya buɗe ido har mu wuce gada ta biyu.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ba wani maganin tsoro, fara lasawa tukuna, wataƙila kai ne majinyacin. In kuma ihun ya zama dole, to ka bari a kwance igiya.