Taku Talatin na Sarkin Sitiyari

A unguwarmu akwai wani bawan Allah wanda duk mai son yin maganar tuƙi sai ya fara waigawa ya ga ko yana kusa. Dogo ne mai tabarau, furfura ta yi masa ado a gefen kai, ya yi ritaya yana shugaban sashen ajiyar kaya a wani babban kamfani. Ya san dokokin hanya kamar shi ya rubuta su. Daga jin ƙarar mota ta bayan katanga zai gaya maka direban bai iya canja giya ba. Lasisinsa ya shekara ashirin da biyu, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa buge ko kaza ba, ɗan sanda bai taɓa kama shi da laifin tuƙi ba. 'Yan unguwa suna kiransa Sarkin Sitiyari, shi kuma yakan amsa da ɗaga hannu ɗaya a hankali, kamar ba ya so. Babu wanda ya san darajar mutumin nan kamata, domin ni ne.

Maganar kazar nan gaskiya ce, wallahi. Abin da ba na ƙarawa shi ne ban taɓa tuƙa mota ba.

Ranar da aka yi mini ƙarin girma, kamfani ya ba ni mota da direba. Wani akawu mai son a yaba masa ya karɓi hotunana biyu, bayan mako guda ya ajiye mini lasisi cikin ambulan. A zamanin haka ake yi, ni kuma ban ga dalilin ɓata wa yaro rai ba. Tun daga nan nake sabunta shi a kan kari, ban taɓa makara ko da kwana ɗaya ba. Da na yi ritaya direba ya tafi, sai ciwon baya ya same ni, irin wanda likita uku suka nema ba su gani ba. Uwargida, wadda malamar firamare ce, ta gaji da ganin mota tana shan ƙura, ta shiga makarantar koyon tuƙi. Ta faɗi gwajin farko, ta ci na biyu. Shekara tara ke nan tana ja, ina gefe ina gyara mata, kuma ban taɓa barin ta manta faɗuwar farkon nan ba.

Sai aka fito da sabuwar doka a kan 'yan koyo. Dole ɗan koyo ya manna jan harafin L a motarsa gaba da baya. Dole ya yi awa arba'in a kan titi tare da wanda lasisinsa ya kai shekara biyar, wannan kuma ya sa hannu a wani ɗan littafi bayan kowace fita, sannan ya raka shi ranar gwaji. Kowa yana ƙorafi, ni kuwa daɗi ya kashe ni. A shagon aski na yi jawabina, da rabin kaina a aske.

"Ai sun ma makara," na ce. "Tun yaushe nake faɗa! Tuƙi ba riƙe sitiyari ba ne, tarbiyya ce. Yanzu kowane kare da doki ya samu makulli sai ya hau titi. Da ni aka tambaya, awa ɗari zan sa. Kuma duk wanda aka kama da lasisin da bai sha wahalarsa ba, a ƙwace a gaban jama'a, a mayar da shi ajin farko."

Mai aski, wanda shi ma ya sayi tsohuwar mota yana koyo, ya roƙe ni in zama mai sa masa hannu. Na ce masa ya yi haƙuri, sunana ba ya hawa kowane littafi.

Littafi ɗaya na yarda sunana ya hau, na Auta. Auta ita ce 'yarmu ta ƙarshe. Shekara biyu tana zaga ofisoshi da takardunta a jaka, har takalmanta biyu suka ƙare, kafin wani kamfanin rarraba magunguna ya ɗauke ta. Sharaɗi ɗaya suka ba ta: ta zo da lasisin tuƙi ranar ɗaya ga wata, in ba haka ba akwai mutum goma sha ɗaya a bayanta suna jira. Ranar gwajin da ta samu kwana uku ce kafin ɗaya ga watan. Wanda ya faɗi kuwa sai bayan wata uku.

Uwargida ta ce, "Baban Auta, ka bari in sa mata hannun nan, tunda ni nake jan motar."

Na cire tabarau na dube ta. "Ke da kika faɗi gwajin farko? Idan jami'i ya buɗe littafin nan ya ga shekara ashirin da biyu, ai sai ya miƙe tsaye. Ki zauna a baya dai, ki ƙaru."

Ta dube ni har na ɗan tsargu, sannan ta ce, "To."

Haka muka yi awa arba'in ɗin nan. Auta a sitiyari, ni a gefenta da takardar dokoki a cinya, uwargida a baya tana ƙaruwa. Na koya wa yarinyar nan abubuwan da babu makarantar da za ta koya mata. Na yi mata bayanin tarihin shataletale. Na bayyana mata cewa madubi idon direba ne na uku, birki kuma lamirinsa. Wata rana na yi minti ashirin a kan halayyar masu babur, har na yi tari. A tsakanin jawabaina nakan ji ƙus-ƙus daga baya: "Kuloci. Saki a hankali. Giya ta biyu. Duba damanki." Wani lokaci kuma sai in ga yatsu biyu sun taɓa kafaɗar Auta, mota ta rage gudu. Na sha ce wa uwargida ta daina ruɗa yarinya. Idan mun dawo sai in zaro alƙalami in zabga sa hannuna mai jela, wanda yake cinye layi biyu.

Takardar dokokin shafi huɗu ce. Na haddace uku. Na huɗun rubutunsa ƙanana ne, na ce duk abin da suka rubuta da ƙananan baƙaƙe ba muhimmi ba ne.

Ranar gwaji na sa kaftanina mai ruwan toka, na soka lasisi a aljihun gaba yadda kansa zai leƙo. Auta ta ja mu har bakin ƙofar filin gwajin, ta tsaya a layi. Motoci sun kai goma, kowacce da jan L ɗinta. A mota ta uku bayanmu na hango mai aski da surukinsa, ya ɗago mini hannu biyu, na ɗaga masa ɗaya.

Jami'ar da ke ƙofa gajeriya ce, mai hula da allon rubutu, irin mutanen da ba sa dariya sai sun tashi aiki. Ta karɓi littafin Auta, ta duba, ta karɓi lasisina. Ba ta miƙe tsaye ba, amma dai dama a tsaye take.

"Kai ne mai koyarwa?"

"Shekara ashirin da biyu," na ce. "Ban taɓa buge ko kaza ba."

"Madalla. To, Baba, ɗaliba ta fito. Ɗan koyo ba ya tuƙi a cikin filin nan sai an kira lambarsa. Mai koyarwa ne yake shigar da mota daga ƙofa ya ajiye ta a farin layin can. Shafi na huɗu."

Na dubi farin layin. Bai fi taku talatin ba, tsakanin wasu robobi masu tsini da aka jera. Wallahi da ta ce in ɗauki motar a ka in kai, da ya fi mini sauƙi.

"Ina da ciwon baya," na ce.

"Allah ya sawwaƙe. Taku talatin ne."

Auta ta fito, ta miƙo mini makulli tana murmushi. Yarinyar nan ta yarda da ni, wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Tun tana goye take jin ana ce mini Sarkin Sitiyari. Uwargida ma ta fito, ta tsaya da jakarta a hammata, ta kafa wa ƙasa ido.

Na shiga, na zauna. Ashe ta wannan gefen motar daban take. Na gyara madubi sau uku, na gyara kujera, na ɗaura bel, na sake gyara madubi. Na leƙa ƙasa na ga abin takawa uku, ni kuma ƙafafuna biyu. Na san sunayensu sarai, na san aikin kowanne, har misali nake bayarwa da su, amma wane ne wane, oho. Na murɗa makulli, mota ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta mutu. Na sake murɗawa, ta sake tsalle. Na kai hannu in kunna sigina don a san ina da tsari, sai waifa ta kama sharar busasshen gilashi, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Garin kashe ta, gwiwar hannuna ta danne hon. A karo na uku, ban san abin da na taka ba, motar ta zabura, ta tattake robobi biyu, ta ja na uku a ƙarƙashinta, ta mutu da hancinta a jikin tukunyar fulawa.

Waifar nan kuwa ta ƙi yin shiru.

Jami'ar ta tako a hankali, ta sa hannu ta taga ta kashe waifar, ta ja birkin hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, idan mai koyarwa bai iya tuƙi ba, awa arba'in ɗin da ya sa wa hannu ba su da amfani. Ɗaliba za ta sake daga farko. Yau babu gwaji."

Na ji Auta ta ce, "Baba?" Sau ɗaya ta faɗa, a hankali. Na ɗago na ga takardar ɗaukar aiki ta kamfanin nan a hannunta, ta naɗe ta har ta yamutse, idanunta sun ciko.

Ina da hanyar tsira, kuma na gan ta sarai. Sai in ce bayan ne ya riƙe, in ce kulocin motar ya ci, in ce uwargida ta lalata giya. Mai aski zai yarda, unguwa za ta yarda, in koma gida da rawanina a kai, yarinya kuma ta koma zaga ofisoshi. Kunya ba za ta sa in ɓoye muku ba, sai da na yi shawarar nan a zuciyata, har na buɗe baki na ce, "Kulocin nan..." Sai na sake duban Auta.

"Ranki ya daɗe," na ce, "ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Ga wadda ta koya mata can. Duk awa arba'in ɗin tana cikin motar, lasisinta shekara tara, da guminta ta same shi."

"Kai kuma me kake yi a ciki?"

"Bayani."

Daga can bayan layi na ji wani ya tuntsire da dariya, kuma na san muryar, ta mai aski ce, shekara goma tana tambayata ko a rage gefe.

Jami'ar ta karɓi lasisin uwargida, ta juya shi, ta dube ta. Ta ce dokar cewa ta yi mai koyarwa ya kasance a cikin mota, ba ta faɗi kujera ba. Amma sai na rubuta da hannuna cewa ba ni na koyar ba, uwargida ta sa hannu a kowane shafi, sannan ta shigar da motar. Aka ba ni takarda a kan bonet. Na fara da "Ni, tsohon shugaban sashe," ta ce in taƙaita. Na rubuta, "Ni fasinja ne." Na sa hannu, wannan karon ba jela.

Uwargida ta shiga, ta yi ribas da hannu ɗaya, ta zagaye robobin da na kashe, ta ajiye mota a kan farin layi kamar da ma'auni. Ba ta ko kalle ni ba, kuma na gode mata.

Lasisina kuwa, jami'ar ta sa shi a aljihunta. Ta ce ba ƙwacewa ta yi ba, ajiya ce, zan karɓa ranar da na ci gwaji. Ta miƙo mini takardar izinin koyo da sabon ɗan littafi fari fes. A gaban jama'a aka yi, aka mayar da ni ajin farko, daidai yadda wani mai hikima ya ba da shawara a shagon aski.

Auta ta ci gwajin tashi ɗaya. Da ta fito da takardar ta rungume uwarta, sannan ta zo ta tsaya a gabana. Na shirya jin komai. Sai ta ce, "Baba, da aka zo shataletale, muryarka na riƙa ji." Ban san ko yabo ne ko tausayi ba, amma na karɓa, don ba ni da wani.

Ranar ɗaya ga wata ta fara aiki. Da yamma ina zaune a ƙofar gida, maƙwabcinmu mai shagon fenti, wanda ya yi tafiya bai ji labari ba, ya zo wucewa. Ya ga jan L ɗin nan har yanzu a manne.

"Sarkin Sitiyari! Barka da arziki, an ce Auta ta ci. To a cire wannan abin mana, ai ya gama aiki."

Na gyara zama, na share murya. Na fara yi masa bayanin cewa ni a tsarina direba ba ya gama koyo, kuma alamar nan tana koya wa matasa tawali'u. Jawabin ya fara daɗi, har ya fara gyaɗa kai. Sai uwargida ta fito da makulli a hannu da farin littafin nan a ɗaya hannun, ta gaishe shi, ta buɗe mini ƙofar direba.

"Baban Auta, taso, rana tana faɗuwa. Saura awa talatin da tara. Kuma yau don Allah ka yi shiru, ka ƙaru."