Honarabul Yana Neman Takwara

Duk wanda ya ce Allah bai yi wa Fagge baiwa ba, bai taɓa ganin Honarabul Alhaji Abdulgani yana fitowa daga mota ba. Tumbi ne ke fara fitowa ya gaisa da jama'a, sai babbar riga ta biyo baya, sannan shi kansa. A shekarar da sojoji suka koma bariki aka ce farar hula su zo su gwada tasu, shi ne ya tausaya wa dimokuraɗiyya ya yarda aka zaɓe shi kansila. Kafin nan mai gidajen haya ne, wasu a Fagge, babban kuma a Sabon Gari, mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Yaransa na siyasa suna kiransa Katangar Talakawa. 'Yan haya kuwa, da yake sun fi kowa sanin katangar, Baba Notis suke ce masa.

Mutum ne mai tawali'u. Saboda kada ya firgita talakawa da kwarjininsa, tun daga kwanar layi yake danna hon, ba ya ɗaga hannu sai ya tsaya.

Abu ɗaya ya rasa a duniya: takwara. Duk faɗin mazaɓarsa babu jaririn da aka taɓa raɗa wa sunansa. Bai san abin yana da ciwo ba sai ranar rantsarwa, da Goni, ɗan kasuwar fulawa a Singa kuma kansilan mazaɓar da ke maƙwabtaka, ya shigo da zugar yara a bayansa, huluna iri ɗaya, kowanne sunansa Goni. Maroƙi ya dinga yi masa kirari har muryarsa ta dushe. Honarabul ya waiwaya bayansa, bai ga kowa ba sai direba. Ko ɗansa na cikinsa da ke aiki a Kaduna, shekara da shekaru da aure 'ya ɗaya ya ajiye, in an yi magana ya ce suna tsari.

Washegari ya sa aka kirawo Inna Gumsu, tsohuwar unguwarzoma, ya tambaye ta wane munafuki ne ke hana mutane sa sunansa.

Ta ce, "Alhaji, ai haihuwar ce ta ja baya. Da ba na kwana biyu a jere a ɗakina. Yanzu sai in yi wata ban wanke jariri ba. Mata sun gane hanyar asibiti, suna ba da tazara. Abinci ya hau sama, kuɗin makaranta ya bi shi. Ga kuma dokar nan taka ta..."

"Ya isa, na gane. Ƙasa ce ke cikin haɗari."

Dokar da bai bari ta ƙarasa ba, kowa ya san ta. A gidajen Honarabul ba a zama da yara fiye da biyu. Na uku ya zo, wakilinsa Ambrose mai karɓar haya zai zo barka da notis a aljihu. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce: yara suna zane bango da gawayi, suna karya famfo, suna cika masai kafin lokacinsa. Amma laifi tudu ne, Honarabul ya taka nasa ya tsaya a kai, ya hango na duniya.

Cikin mako ya kafa Kwamitin Farfaɗo da Haihuwa. Shi ne shugaba, shi ne uban ƙungiya, da aka rasa wanda ya cancanta kuma ya daure ya riƙe sakatare. Aka kafa rumfa a filin firamare, aka ɗauko lasifika.

"Jama'a, ƙasa tana ƙarewa!" in ji shi. "Ku je unguwa ku saurara, shiru kamar maƙabarta. In aka ci gaba a haka, nan da shekara ashirin wa zai tsaya a layi ya zaɓe ni? Sojoji ne suka jawo mana. Sun hana taro, har miji da mata suka tsorata. Sai talabijin ya zo ya ƙarasa. Mutum ya zauna yana kallon Indiya har barci ya ɗauke shi, ina ƙasa za ta ci gaba? To, mulki ya dawo hannun jama'a. Ni Honarabul na yi alkawari, kafin wa'adina ya cika, kowane lungu sai an ji kukan jariri. Shi ne romon dimokuraɗiyya!"

Daga can baya wani malamin makaranta, ɗan hayarsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun haifa, a ina za mu sa su?"

Honarabul ya dube shi da tausayi irin na masu ilimi. "Haihuwa aikin ƙasa ce. Gida kuwa nawa ne. Kada a haɗa siyasa da kasuwanci."

Yaransa suka yi tafi. Nan take ya sanar da cewa namiji na farko da aka raɗa wa Abdulgani, ragon suna a wuyansa, da turmin atamfa, kuma Ciyaman na ƙaramar hukuma da kansa zai halarta. Don a san ba wasa yake ba, ranar ya sayo ragon ya ɗaure a ƙofar gida.

Watanni suka shuɗe. Rago ya ci dusa, ya ci harawa, ya yi wuya ya yi gindi, har ya fara kama da mai shi. Takwara shiru. Duk ranar zaman majalisa Goni sai ya miƙo hannu da fara'a ya ce, "Honarabul, yaya ragon? Ko shi za a raɗa wa sunan a huta?"

Ana haka, wata rana motarsa ta mutu a hanyar Sabon Gari, dole ya hau acaɓa. Acaɓa kuwa ba shi da irin hon ɗinsa. Abin da Honarabul bai sani ba, hon ɗin nan shi ne ƙararrawar gidan hayarsa na can. Da an ji shi, yaran da suka haura lissafi sai a miƙa su ta katanga zuwa gidan burodin da ke baya, mai ciki kuma ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ba a ji komai ba. Yana shiga ya yi kiciɓis da Nneka, matar Sylvester tela, a bakin famfo, da ciki ya kai mata har haɓa, ga 'ya'yanta biyu suna riƙe da zaninta.

Ta daskare. Shi ma ya daskare. A cikin babbar riga ɗaya mutum biyu suka kama kokawa: Baba Notis yana lissafin ɗaya, biyu, uku, Honarabul kuma yana hango Ciyaman a ƙarƙashin rumfa. Kafin su gama, matan gidan sun gama miƙa nasu ta katanga. Honarabul ne ya yi nasara. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Aka kirawo Sylvester daga shago, tef a wuya. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Honarabul daɗin ji. Ya saurari bayani har ƙarshe, ya dubi matarsa, ya dubi ƙofar ɗakinsa.

"Ranka ya daɗe, mu akwai sunan coci, akwai na gida. In dai ɗaki zai tsaya, na gida naka ne. To, in mace ce fa?"

"Ba za ta zama mace ba. Yau zan gaya wa Ciyaman."

Da yake babban mutum ba ya yin alheri a ɓoye, sai ya tsaya a tsakar gida ya buɗe murya: "Kowa ya shaida! Duk yaron da ke ɗauke da sunana, doka ba ta hau kansa ba, a nan da duk gidajena!"

Labulaye suka motsa.

Kafin wata ya ƙare, gidajen Honarabul suka yi albarka irin wadda tarihi bai taɓa gani ba. Yara suka dinga fitowa. Wasu ta katangar gidan burodi, wasu daga wurin kakanninsu a Rijiyar Lemo, wasu motar Kudu ce ta sauke su da jakar leda. Kowanne Abdulgani. Akwai Abdulgani mai rarrafe, akwai mai famfara, akwai ɗan aji huɗu. Akwai wata mai kitso da 'yan kunne, uwar ta rantse sunan gida ne, ba ruwansa da mace ko namiji. Malamin makarantar nan shi kaɗai ya fito da biyu, ya ce babba da ƙarami ne.

Ambrose ya kawo rahoto yana share gumi. Ba damar janyewa, don magana ta riga ta fita a gaban shaidu. Amma mai basira ba ya rasa mafita. A zaman majalisa na gaba ya miƙe ya ce, "A wata ɗaya tak, kwamitina ya samar da yara, har da masu zuwa makaranta. A nuna mini gwamnatin da ta taɓa yin haka!"

Sai dai a ransa ya san biri ya yi kama da mutum ne kawai. In ya shiga gidan ya ce "Abdulgani!" babu mai waiwayowa, sai uwa ta zunguri ɗanta. Shi na gaske yake so, wanda za a raɗa wa suna a gaban Ciyaman, Goni yana kallo. Don haka ya tattara hankalinsa kan cikin Nneka. Gwangwanayen madara, kiret ɗin ƙwai, busasshen kifi, duk suka kama hanyar ɗakin tela. Mutumin da bai taɓa canza wa ɗan haya ƙwan fitila ba, ga shi yana tsayawa a bakin labule yana cewa, "Madam, yaya takwarana? Yana motsi? A ƙara masa madara."

Gidan kuwa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Famfo ya karye. Layin banɗaki ya kai zaure. Damina ta sauka, masai ya cika ya fara gaisawa da tsakar gida. Sylvester ya samu Honarabul ya yi ƙorafi, ya sake samunsa ya ce jariri ba zai iya shaƙar wannan ba. Honarabul ya toshe hanci da gefen riga ya ce, "Kai tela ne, ba za ka gane ba. Wannan warin bunƙasa ne. Duk ƙasar da ta ci gaba ta bi ta nan."

Ranar da labari ya zo cewa Nneka ta sauka a asibiti, namiji, Honarabul ya yi wa direbansa kyautar hula. Bai je barka ba, don babba ba ya zuwa sau biyu, ya bari sai ranar suna. Ya aika wa Ciyaman, ya aika wa Goni musamman, ya kama makaɗa, ya sa aka wanke rago da sabulu. Ambrose ya yi ta bin sa yana cewa, "Ranka ya daɗe, game da Sylvester..." shi kuma yana cewa, "Ka ce masa ba sai ya yi godiya ba."

Ranar suna aka yi jerin gwano. Motar Honarabul a gaba tana hon, ta Ciyaman a baya, makaɗa a ƙasa, rago a tsakiya da ƙyalle a wuya. Honarabul ya karɓi igiyar ragon da hannunsa, ya ja tawaga har ƙofar ɗakin tela, kowa yana ɗage riga yana neman wurin taka ƙafa. Ya yi gyaran murya ya ɗaga labule.

Ɗaki wayam. An share shi tas, ko tsinken allura babu.

Abdulganai suka kewaye shi suna kallo. Wata maƙwabciya da ke wanki ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ai sun tashi tun kafin ta haihu, Baba. Ta ce ba za ta kawo jariri cikin wannan cunkoso da wari ba. Suna layin baya, sabon gidan Alhaji Goni. Ɗaki da falo, famfo yana zuba."

Kamar jira ake, sai ga kiɗa daga layin baya, da muryar maroƙin nan da ta warke, yana sanar wa duniya cewa an samu ƙarin Goni.

Ciyaman mutum ne mai ladabi. Ya dubi agogo ya ce tun da don suna ya fito, bai kamata ya koma bai yi barka ba. Ya juya, jama'a suka bi shi. Makaɗa suka dubi juna, su ma suka bi, don maroƙi ba ya gaba da inda ake rabo. Aka bar Honarabul a tsakar gida, igiya a hannu, rago yana cin gefen babbar rigarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bai kai ga motsawa ba sai ga Sylvester da kansa, cikin sabon ɗinki, ɗauke da faranti an rufe. Ya rusuna ya miƙa.

"Ranka ya daɗe, ga naman suna. Madam ta ce a yi maka godiya ta musamman. Goni ƙarami ya zo da ƙiba, har nas-nas suna mamaki. Duk madararka ce."