Yadda Labo Ya Wayi Gari da Garken Jakai

Jama'a, makon jiya na tafi kasuwar Agiye sayen igiya, na dawo ba igiya, sai sirrin wani a cikina.

Su Ranka-ya-daɗe na buro, manyan ofis ke nan, Allah ya ƙara wa fankarsu sanyi, sun ce bana duk mai son a yi wa dabbobinsa allurar rigakafi sai ya rubuta su a wani shafi cikin talho, wato wayar hannu, kafin Juma'a. Maƙwabcina Labo makiyayi ne, kuma ciwon huhu ya riga ya kashe shanu biyu a rugar da ke kusa da tasa. Ya tare ni don ya san na yi aji huɗu a lakol.

Muka zauna gindin itacen bedi. Shafin nan abin kallo ne. Akwai wata 'yar ƙawanya mai juyi kafin ya buɗe, na daɗe ina kallonta har Labo ya zungure ni. Ka taɓa wani ɗan akwati, sai jerin dabbobi ya zubo: jakai a sama, sannan shanu, awaki, tumaki. Na zaɓi shanu, na cika suna da gari. Sai ga akwatin da ke tambayar yawansu.

Labo ya ɗaure fuska. "Malam Surajo, ana ƙidaya nagge? Baki zai kama ta."

"To mu rufe, su mutu ba a ƙidaya ba."

Ya duba gabas, ya duba yamma, ya raɗa mini a kunne kamar mai barin wasiyya. Na rubuta. Sai na ga na ɓata sunan garinmu, na taɓa kibiyar komawa baya don in gyara. Da na dawo, fayau! Ba suna, ba shanu, kamar ba mu taɓa gaisawa ba.

Sau uku muna haka. A na ukun Labo ya fashe da dariya. "Kai, abin nan yana da kunya! Ka faɗa masa, ya manta. Ya fi surukina."

A na huɗu na cika da sauri, ban waiwaya ba, na aika. Ashe duk komawa bayan da na yi, ɗan akwatin dabbobi ma komawa yake kan na farko a jerin.

Shekaranjiya malamar dabbobi, Hadiza, ta iso ruga a kan babur da takarda a hannu. "Ina Baba Labo mai jakai?"

Labo ya dube ni. Ni kuma na dubi wani gajimare mai kama da tulu.

"Kada ka damu, Baba," in ji ta. "A takardar nan babu saniya ko ɗaya a karkarar nan kaf, kowa jakai gare shi. Ni dai na san mutanena, maganin shanu na ɗauko."

Ta yi musu allura tas. Ta ce ko a gyara takardar? Labo ya riƙe hannun babur. "'Yata, bar ta haka. Baki ya kama jakan."

Yanzu na ji su Ranka-ya-daɗe na shirin taro da rumfa da lemo, don murnar yadda jakai suka yi albarka a zamaninsu. Allah ya ƙara basira.

Masu tsare ni a masallaci kuna tambayar shanun Labo nawa ne, ku yi haƙuri. Na taɓa kibiyar komawa baya.